Azumin Banilar Hajja

Ranar Asabar ce, a tsakiyar watan Rajab, ana gab da kiran azahar. Mu uku ne a ɗan filin da ke bayan kicin ɗinmu, a ƙasan wani tsohon bene a unguwar Bani Malik ta Jidda: ni, da matata, da tsohuwar da duk mazauna benen suke kira Hajja. Filin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Bango ne ya kewaye shi ta kowane ɓangare har sama, rana ba ta sauka cikinsa sai ɗan lokaci, kuma na'urorin sanyaya ɗakunan maƙwabta suna ɗigar da ruwa a cikinsa dare da rana. A nan irin wannan wurin manwar ake ce masa.

Matata tana tsugune da buta, ta ɗora ƙafarta a bakin wani babban baho mai shuka, tana wankewa. Ni ina bakin ƙofa ina jiran ta gama in karɓi butar. Hajja ba ta saba saukowa a wannan lokacin ba. Zare ne ya ƙi shiga mata allura, ta zo a zura mata. Idanunta sun yi rauni a lokacin, don haka kunnenta ne ya fara gane abin da ke faruwa.

Ta ce, "Binti, me kike yi?"

Matata ta ce, "Alwala, Hajja."

"Ruwan ina yake zuwa?"

Matata ta dubi ƙafarta, ta dubi bahon.

Shukar da ke cikin bahon banila ce, wadda ake sa ƙamshinta a kek da askirim. Kafin mu san Hajja, ni da matata mun ɗauka a kwalba ake yin ta. Ashe tsiro ne mai yaɗo, ganyensa kauri ne da santsi, yana kama itace ya hau, 'ya'yansa kuma dogaye kamar kwanson wake. Hajja 'yar tsibiran Komoros ce. Ta zo aikin hajji tana matashiya, ba da daɗewa ba bayan ƙasarsu ta sami 'yancin kai, ba ta koma ba. Ɗaki guda take zaune a can saman bene, inda rana take dukan komai, shi ya sa ta roƙe mu mu ba shukar masauki a manwar. Sana'arta shirya full, wani farin fure mai ƙamshi, a zare, irin wanda amaren Jidda suke ratayawa. Hausa kuwa a wajen maƙwabta ta koya, tana yin ta da Larabci a tsakiya, kamar yadda 'ya'yanmu suke yi.

Sunan ƙasarta ba baƙo ba ne a bakina. Shekarun da na yi ina fassara labarai a gidan rediyo, na karanta shi sau da yawa, kusan kullum a jimla guda da juyin mulki. Ita kuwa ba ta cika maganar sojoji ba. Idan ta zauna a kicin ɗinmu tana shan shayi, da shinkafa take fara labarin ƙasarsu, da shinkafa take rufewa.

Ga abin da na tattara daga bakinta a tsawon zamanmu. Kafin 'yanci, ƙasa mai kyau tana hannun kamfanonin Faransawa, mutanen gari suna da gefen dutse. Abin da ake nomawa na fita waje ne: banila, da kanumfari, da busasshiyar kwakwa, da wani fure mai ruwan ɗorawa da ake tatsar man turare daga cikinsa. Shinkafa kuwa, wadda babu biki babu makoki sai da ita, jirgin ruwa ne yake kawo mafi yawanta. "Mu ƙamshi muke nomawa, Ustaz," in ji ta, "kuma ba a cin ƙamshi." Da aka sauke tutar Faransa, ta ce an yi rawa a bakin teku, ita ma ta yi. Ba a jima ba malamai da likitoci da masu gyaran injuna na Turawa suka haɗa kayansu. Jirgin shinkafa ya koma zuwa idan ya ga dama. Mata sukan hau kan dutse su duba teku, wadda ta fara hango hayaƙi ta yi guɗa.

Mahaifiyarta tana da ɗan lambun banila a bayan gida. A wajensu mace ce take da gida, miji shi yake tarewa. Wannan batu matata ba ta gajiya da jin sa, takan sa Hajja ta maimaita musamman idan ina kusa. Daga wannan lambun aka yi wa Hajja guzurin hajji. Bayan tahowarta kasuwar ta yi ta hawa da sauka. Kamfanoni a Turai sun iya haɗa ƙamshin a masana'anta, wasu ƙasashe ma sun shiga noman. Idan farashi ya faɗi, mutane su tuge banila su dasa rogo da ayaba, don ciki ba ya jira. Idan ya tashi, sai a iske babu ita, domin sabon dashe yana cin shekaru kafin ya haihu, kafin nan kuma kasuwar ta sake juyawa. Samari suka tafi Faransa. Gidajen da aka gina bayan haka, ta ce, yawancinsu da aiken 'yan ci-rani aka gina su, ba da amfanin gona ba.

A ɗaya daga cikin waɗannan faɗuwar ne ƙanenta ya tuge lambun mahaifiyarsu. Bai yi shawara da ita ba, kuma ba ta taɓa zarginsa a gabanmu ba. Amma kafin ya ƙone kurangar, ya yanki kamar kamu ɗaya, ya naɗe a tsumma mai laima, ya ba wani alhajin garinsu ya kawo mata. Shi ne abin da ke cikin bahon. Ta dasa shi a ɓawon kwakwa da take tsinta a wajen masu sayar da kayan marmari, ta kafa masa sanda, ta jawo bakin tiyon na'urar sanyi ya riƙa ɗiga a kusa. Ya kama, ya yi ganye, ya hau sandar ya sauko, ya sake hawa. Fure ne kawai bai taɓa yi ba.

Kowace shekara idan sanyi ya shigo, Hajja takan zo ta janye tiyon, ta tsinke kan reshen da farce, ta ce, "Halas, shi ke nan, ta shiga azumi. Kada wanda ya ba ta ruwa." Bayaninta shi ne banila idan ta ƙoshi ganye kawai take yi, sai ta ji ƙishi har ta ɗan yanƙwane sannan take tuna haihuwa. Mukan ce to. Kuma a saninmu mun kiyaye. Babu wanda ya taɓa ɗaukar bokiti ya yi mata ban ruwa.

Sai dai matata 'yar wani ƙauye ce a arewacin Damagaram, inda rijiya take da nisa kuma take da zurfi. A gidansu ba a yin alwala a fili haka kawai. Kowa yana da gindin da yake tsugunawa, wani zogale, wani lalle, kakarta kuma wani ɗan lemun tsami da ba shi da abincin da ya wuce ruwan sallarta. Tun ranar da aka ajiye bahon a manwar, nan ya zama wurin alwalarta, rani da sanyi, kowace salla. Ni ma ina ganinta kullum, kuma bai taɓa yi mini kama da ban ruwa ba, domin a garinmu ma haka ake yi.

A ranar Asabar ɗin, Hajja ta durƙusa da kyar, ta tura yatsa cikin ɓawon kwakwar, ta zaro shi jiƙe.

"Tun yaushe?"

Matata ta ce, "Tun da aka kawo ta. Amma Hajja, ni ban ba ta ruwa ba. Alwala ce."

"Ita ta san alwala?"

"Ruwan salla ne fa. Ina zan zubar da shi, a rariya?"

Hajja ta zauna a kan wani bokiti da aka kife. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta rufe baki da gefen mayafi. Ta yi dariya har ta share ido. Ta ce, "Ni ina sa ta azumi, ke kina kai mata buɗe-baki kafin kowace salla. Na zagi iskar Jidda, na zagi ɓawon kwakwar Jidda. Har ƙanena na zarga a raina, na ce juya ya aiko mini."

Ta juyo wajena. "Kai kuma Ustaz, kana tsaye kana kallo."

Na ce, "Layin buta nake bi, Hajja."

Dariyar ba ta daɗe ba, domin mu uku mun san abin da ke gaba. A watannin nan hukuma ta buɗe ƙofa ga waɗanda ba su da iƙama, wato takardar zama a ƙasar, su fita ba tare da hukunci ba, Hajja kuma, da yake tana cikinsu, ta riga ta yanke shawarar tafiya kafin azumin Ramadan. Ɗiyar ƙanwarta ta daɗe tana kiranta ta koma gidan mahaifiyarta, wanda a al'adarsu nata ne. Ta kuma gaya mata banila ta sake daraja, mutane suna neman dashe ido rufe, bayan gidan kuwa babu komai sai rogo. Hajja tana son ta mayar da kurangar uwarta inda aka tuge ta. Amma ta rantse ba za ta ƙetare teku da abin da ba ta ga furensa ba. "In kai musu su yi shekaru suna wahala a kan ganye? An yi musu haka ya isa."

Yanzu ta san mai yiwuwa laifin ba na shukar ba ne, amma lokaci ya ƙure. Ko an fara azumin gaskiya a ranar, furen ba zai fito ba sai ta tafi.

Matata ta ɗauke butarta ta mayar banɗaki. Da yamma na ji ta tana ce wa Hajja ta yafe mata. Hajja ta ce, "Wadda ta shayar da mai ƙishi ake nema wa yafiya? Tashi ki kawo albasa da tsinken sakace. Tunda kin hana ni aikina, ke za ki yi shi."

Aikin shi ne abin da suke kira aurar da fure. A tsibirinsu babu ƙwaron da yake haɗa furen banila, sai hannun mutum. Furen yana buɗewa da sassafe, kafin la'asar ya yi yaushi, kuma ba ya sake buɗewa. A cikinsa namiji da mace suna kusa da juna, amma akwai wani ɗan labule siriri a tsakaninsu. Sai a ɗaga labulen da ƙaya, a danna da babban yatsa su haɗu. Idan an danna da ƙarfi an kashe, idan an ji tsoro ba a haɗa ba. Hajja tun tana yarinya take yin wannan a bayan mahaifiyarta, da ƙayar lemu a baki, daga wannan kuranga zuwa waccan har rana ta yi tsaka. Ta ce a lokacin fure ko gawa aka yi a gari, sai an gama da lambu ake zuwa gaisuwa, kuma masu makokin ba sa jin haushi.

Da yake babu fure, sai ta naɗe ɓawon albasa ta yi siffarsa. Makonnin da suka rage mata, kusan kullum bayan la'asar suna zaune a kicin, tsohuwar ta riƙe wuyan hannun matata tana jin motsinsa, tunda ido ba ya nuna mata.

"Kin yi ƙarfi. Ba sakwara ba ce."

"Hajja, abin ne ƙarami."

"Ke da kike cire tsakuwa a shinkafa? Yalla, sake."

Wani lokaci matata takan yi daidai, sai Hajja ta saki hannun, ta ɗauki shayinta. Tsinken sakace bai taɓa gamsar da ita ba. Ta ce ba shi da ladabi irin na ƙayar lemu, amma baƙo ba ya zaɓen tabarma.

Ta kuma koya mata alamar da za a duba. Furen da bai ɗauka ba, cikin 'yan kwanaki zai faɗo ƙasa. Wanda ya ɗauka zai bushe amma ya maƙale, gindinsa ya fara tsawo yana kumbura.

A wannan lokacin shukar ta fara nuna ƙishi. Ganyen ya rage sheƙi, jikin kurangar ya yi 'yan layuka kamar bayan hannun tsoho. Wannan ya fi komai yi wa matata wuya. Sau da yawa nakan same ta tsaye a ƙofar manwar da buta a hannu, ta manta, sai ta tuna ta juya. Ta ce mini, "Malam, ina jin kamar ina cin abinci a gaban mai yunwa." Har tiyon maƙwabcinmu na sama, wani Bahaushen Sudan mai gyaran mota, sai da ta sa na je na roƙe shi ya karkatar, don iska tana kaɗo ɗigon cikin bahon.

Hajja ta tafi a ƙarshen Sha'aban da jaka guda. Kafin mu fita ta shiga manwar ita kaɗai, ta shafa kurangar daga ƙasa har inda hannunta ya kai. Ta ce wa matata, "Idan ta haihu, ki aiko mini da ita. Idan ba ta haihu ba, ki ci gaba da alwalarki, ta zama taki." A filin jirgi ba su yi doguwar sallama ba. Matata ta gyara mata mayafi, ita kuma ta kama yatsun matata ta murza su ɗaya bayan ɗaya.

Da lokacin da Hajja ta ƙayyade wa azumin shukar ya cika, muka mayar da tiyon. A cikin goman ƙarshe na azumi matata ta kira ni ta nuna mini wani ɗan ƙullutu kore a hammatar wani ganye, wanda bai yi kama da sabon reshe ba. Ya yi ta girma a hankali har ya zama gungu, kamar 'yan ƙananan yatsu. Muka aika wa ɗiyar ƙanwar Hajja hoto. Amsar da ta dawo muryar Hajja ce, gajeriya: "Shi ne. Kada ki taɓa."

Furen farko ya buɗe wata safiya bayan salla ƙarama da 'yan makonni. Launinsa tsakanin kore da ruwan ɗorawa, ba shi da wani ƙamshi, abin da ya ba ni mamaki. Matata ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta sa tsinke. Tsinken ya zame, furen ya yage. Washegari wani ya buɗe, domin ɗaya-ɗaya suke buɗewa. Wannan ta yi shi a hankali ƙwarai, muka yi ta dubawa, bayan kwana biyu muka same shi a ƙasa.

Ta ce, "Albasa ba ta gaya mini yana da santsi ba."

Gungun ba shi da yawa, kuma wasu 'ya'yan sun bushe tun kafin su buɗe. Da na gaba ya buɗe, ta ce in kira tsibirin. Layin can ba shi da tabbas, hoton bidiyo ba ya tafiya, murya ma tana yankewa. Aka kai wa Hajja wayar. Na riƙe tawa kusa da kunnen matata. A bayan muryar tsohuwar ana jin zakara da wani abu kamar ruwan sama a kan kwano.

Hajja ta ce, "Kin ga labulen?"

"Na gani."

"To daina kallonsa. Ɗaga. Kin ji ya tsaya?"

"Ya tsaya."

"Danna kamar kina shafa wa jariri kwalli."

Matata ta danna. Layin ya yanke kafin ta ce ta gama, kuma bai sake shiga ba ranar.

Furen ya yi yaushi da la'asar kamar sauran. Kwana ya bi kwana bai faɗo ba. Ya bushe ya yi baƙi a inda yake, gindinsa ya miƙe ya fara kauri. Daga cikin waɗanda suka biyo baya ma wasu sun kama. Da muka samu layi, matata ta gaya mata. Hajja ta ce, "Ashe ba juya ba ce." Sai ta tambaya ko an mayar da butar wurinta a gindin shukar. Matata ta ce an mayar, har zuwa sanyi mai zuwa.

Bayan aikin hajjin shekarar, wata mata daga garinsu ta biyo ta Bani Malik a hanyarta ta zuwa filin jirgi. Matata ta yanki kamu biyu daga reshen da ba ya ɗauke da 'ya'ya, ta naɗe a tawul mai laima, ta ba ta. An dasa shi a bayan gidan mahaifiyar Hajja, a gindin wata bishiya da ke gefen rogon, kuma ya kama.